Tulun Sanyin Dakta Hanifa

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Hodi Tamba a waya, yana tsakiyar cin ƙosai a bayan kantar ofishin 'yan sanda. Mace ce. Maganarta a jere take.

"Sunana Dakta Hanifa. Daga Cibiyar Nazarin Sabbin Ƙarafa nake kira, wadda ke kan hanyar Argungu. An yi mana sata."

"Me aka ɗauka, Dakta?"

"Tulu."

Sufeto ya mayar da ƙosan cikin takarda. "Tulu fa? Na ruwa?"

"Ka dai zo ka gani, Yallaɓai. Duk aikina yana cikinsa."

Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Risikat. Bayarabiya ce haifaffiyar Birnin Kebbi, in tana magana daga bayan labule sai ka rantse Bakabiya ce.

Cibiyar ɗan gini ne fari, rufinsa cike da farantan sola. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kwamfutoci suna nan a kan tebura, har da wayar wani da ya manta a caji.

Dakta Hanifa ta tare su a baranda. Siririya ce mai tabarau, ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ta kai su gaban wani ɗaki mai bangon gilashi, ta tsaya.

"Nan ba a shiga haka, Yallaɓai. Ƙwayar ƙura ɗaya tana iya kashe aikin wata guda. Sai an sa farar riga mai rufe jiki duka, har kai da takalmi."

"To mu tsaya daga nan. Yi mini bayani kamar kina yi wa ɗan firamare. Me kuke yi a ciki?"

"Akwai wani sinadari da ake haɗawa da bismat. Halinsa baƙo ne, wutar lantarki ba ta ratsa cikinsa, sai dai ta bi ta fatarsa. Akwai kuma wani ƙarfe, niyobiyam, wanda in ya sha sanyi ƙwarai wuta ke gudu a cikinsa babu abin da ke tare ta, ba zafi ba asara. Aikina shi ne in shimfiɗa ɗaya a kan ɗaya, a kan ɗan gilashin da bai kai farce ba. Shimfiɗar ta fi ɓawon albasa siranta sau dubbai. In suka haɗu ba datti a tsakaninsu, ana sa ran a gina ƙwaƙwalwar wata irin kwamfuta da su, wadda ake kira kwantom."

"Kuma sun haɗu?"

"Watan jiya. Bayan na lalata ɗaruruwa. Iska da zafi ke kashe su. Shi ya sa na rufe su a bututun ƙarfe, na sa a tulun naitirojin. Ruwa ne mai sanyin da ke ƙona fata. Jibi ya kamata in tafi da su Jamus, inda suke da injin da zai gwada su."

"Maɓallan ɗakin nawa ne?"

"Uku. Nawa, da na shugabanmu Farfesa Labbo, da na Nkem mai kula da injina."

Saje Risikat ta leƙa ɗan lungun da ake sauya kaya. Fararen riguna suna rataye a jere, kowace cikin ledarta, ban da guda ɗaya babba da ke can ƙarshe.

"Dakta, wagga ta wa ce?"

"Ta baƙi ce. Ni na sa ta a leda da hannuna ranar Alhamis."

Sufeto ya matsa kusa. An sa rigar, an cire, an naɗe hannuwanta ciki, an rataye ta tsaf.

"Saje, kin taɓa ganin ɓarawon da ya sa rigar tsabta kafin ya yi sata?"

"Ko mai goge ƙafa a bakin ƙofa ban taɓa gani ba, Yallaɓai."

"In da ɓata aikin ake so, Dakta, me za a yi?"

"Buɗe murfin bututun kawai. Kafin la'asar sun zama shara."

Sufeto ya gyaɗa kai. Wanda ya shigo bai buɗe murfi ba. Ya ɗauki tulu mai nauyi, ya fita da shi a hankali.

Ofishin Farfesa Labbo yana ƙarshen baranda. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya zauna bayan tebur kamar wanda aka zo roƙo wurinsa.

"Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da cibiyar nan kafin yau?"

"Alhamis. Ranar Juma'a ina gida a Gesse, ƙafata na ciwo."

"Maigadi ya ce ya ga motarka ranar Juma'a, kafin ya tafi masallaci."

"Maigadi bai san mota ba."

"Ya ce ka ba shi goro."

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"To, na zo. Waya na zo yi, inda iyalina ba za su ji ba. Mutanen Jamus na kira."

"Kan me?"

"Kan suna. Na ce in za a buga sakamakon, sunana ya kamata ya zo farko. Sufeto, ni na roƙo filin nan. Ni na yi yawon ofis-ofis har aka kawo injin can. Tun yarinyar nan tana rarrafe nake cikin wannan fanni. Yau Bature ya kira, sai ya ce ina Dakta Hanifa, kamar ni masinja ne."

"Me suka ce maka?"

"Suka ce wanda ya yi aikin shi ke gaba." Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Ka rubuta ina jin haushi, ban musa ba. Amma me zan yi da tulu? In babu shi, ko sunan na biyun ban samu ba."

"Ka gan shi ranar?"

"Na tsaya ta gilashi na dube shi. Yana nan lokacin da na fita."

"Wa ke naɗe hannun riga ciki in ya cire ta?"

Farfesa ya ɗaga gira. "Tsohuwar koyarwata ce, yaran yanzu ba sa bi. Ɗalibaina na farko na hora da ita. Ɗaya ya rasu, ɗaya yana Malesiya, sai Ja'afar."

"Wane ne Ja'afar?"

"Dakta Ja'afar. Shi ya haɗa injin can da hannunsa, ƙusa bayan ƙusa. Yana nan tare da mu, a ɗakin gwaji na baya. Mijin Hanifa ne."

Nkem suka samu a bayan ginin, kusa da wani babban tankin ƙarfe. Matashiya ce, iyayenta suna da shagon kayan gini a cikin gari. Hannunta na ta murza bakin rigarta.

"Wa ke zuba wa tulun naitirojin?" in ji Sufeto.

"Ni ce, Yallaɓai. Duk Juma'a da safe."

"Kin zuba wannan Juma'ar?"

"Na zuba. Na cika shi taf."

"In an cika shi, yana kai yaushe?"

"Mako guda, har da ɗan ƙari."

Saje Risikat ta ƙwanƙwasa tankin da maɓallin mota. Ƙarar ta fito kamar ta gangar da ba kowa ciki.

"Nkem, ƙawata, wanga tanki ai wayam yake. Da mi kika cika shi?"

Nkem ta dubi tankin. Sai hawaye.

"Don Allah kada ku gaya wa Dakta. Tun Laraba ya kamata in kira masu kawowa daga Sakkwato, na manta. Ranar Juma'a na tarar saura ɗan kaɗan a ƙasa. Na ce bari in bari sai yau in kira su da sassafe. Tulun zai iya kaiwa yau. Gobe kam ban sani ba."

"Maɓallinki fa?"

"Yana wuyana, ko wanka da shi nake yi."

Sufeto ya dubi famfon tankin. An bar shi a karkace, safar hannu mai kauri tana rataye a ƙusarta.

"Ke kika bar famfon haka?"

"A'a. Ni kullum ina mayar da shi daidai. Wani ya tatse sauran."

"In mutum ya tatsa ba safa?"

Ta ja hannun rigarta, ta nuna wani tabo a wuyan hannu. "Haka. Ƙunar sanyi ce. Da farko wurin yana yin fari fat kamar kitse, daga baya ya tashi."

"In ba nan ba, ina ake samun ruwan nan kusa?"

"Sakkwato." Ta yi ɗan tunani. "Sai ko wurin masu yi wa shanu baye da allura, a Argungu. Suna ajiye irin bijimai a tulu irin namu. Ai daga wurinsu Dakta ta ga dabarar."

Da suka koma mota, Saje ta ce, "Yallaɓai, ke nan ɓarawon ya ɗauki jariri mai jin yunwa."

"Kuma ya san yana jin yunwa. Mu je Gesse tukuna."

Gidan Dakta Hanifa yana cikin rukunin gidajen Gesse, mai ɗan lambu a gaba. Ta riga su isa. Mijinta ne ya buɗe ƙofa, dogo, kyakkyawa, da fara'a. Hannunsa na dama yana naɗe da bandeji.

"Sannunku da zuwa, Sufeto. Bismillah. Yau ban iya fita ba, kaina ke ciwo tun da na ji labarin."

Suka zauna a falo. Hanifa ta kawo ruwa, ta zauna can gefe.

"Dakta, ina kake ranar Juma'a?"

"Argungu, wurin mahaifiyata. Tun safe na tafi, sai dare na dawo."

"Haka ne, Dakta Hanifa?"

"Ya fita da safe. Ni kuma ina gidan kitso har la'asar."

"Maɓallinki yana ina lokacin?"

"A jakar aikina, a ɗaki. Yau da safe a nan na same shi."

Ja'afar ya gyara zama. "Sufeto, ban so in ɓata sunan malamina. Amma kowa a cibiyar ya san Farfesa bai ji daɗin abin nan ba. Ku matsa masa."

"Za mu duba. Kai fa, me kake nazari a kai?"

"Abu ɗaya ne da nata. Ni na fara shi, a gaskiya." Ya yi murmushi ya dubi matarsa. "Amma Allah ya ba ta hannu. Ina alfahari da ita ƙwarai. Kowa ya sani."

Sufeto Hodi ya san wannan murmushi. Irinsa ya yi bara, ranar da aka maƙala wa abokinsa da suka fito horo tare tauraro a kafaɗa, shi kuma yana tsaye a layin masu tafi. Ya tafa har tafinsa ya yi zafi, ya koma gida ya kasa cin tuwo.

"Na ce wa Sufeto sai da na lalata ɗaruruwa kafin su yi," in ji Hanifa a hankali. "Sa'a ce kawai."

"Ba sa'a ba ce," Ja'afar ya katse ta. "Kin rage zafin injin kafin shimfiɗa ta biyu, abin da na ce miki ba zai yi ba. Ki daina cewa sa'a."

Ja'afar ya sake yin murmushin.

"Me ya sami hannunka, Dakta?"

"Ruwan shayi. Butar Inna ce ta kife mini."

"Allah ya sawwaƙe. Nkem ta ce tulun ba zai wuce gobe ba in ba a ƙara masa ruwa ba."

Hanifa ta miƙe zumbur. "Gobe? Ai ta cika shi ranar Juma'a!"

"Ba ta cika ba."

Ta dafe kai, ta koma ta zauna. Sufeto bai dube ta ba, mijin yake kallo. Labarin da ya girgiza matar ko gezau bai sa shi ba. Ya dai miƙa hannu ya dafa kafaɗarta.

Suka kama hanyar Argungu da azahar. Fadamar Zauro ta yi kore shar ta hagu, mutane sun duƙa cikin shinkafa har gwiwa. Motocin albasa suna ta wuce su, warin na shigowa ta taga.

Wurin masu shanun yana bayan kasuwa, rumfa ce da ɗaki ɗaya. Wani mutum mai suna Malam Munzali ke kula da shi, suka tarar yana wanke bokiti.

"Malam, akwai wanda ya zo neman ruwan sanyin nan kwanan nan?"

"Awo, Yallaɓai. Ran Assabar da sahe wani yaz zo da tulu nai a bayan mota. Yac ce irin bijimi na, daga Sakkwato yas sawo, shina tsoron kar shi lalace."

"Ka san shi?"

"Ban san suna nai ba. Dogo na, mai tsabta. Amma ba makiyayi ba na."

"Ta yaya ka gane?"

Munzali ya yi dariya. "Saniya ta matso tana shinshina tai, yay yi tsalle kamar ya ga kura."

"Hannunsa fa?"

"Na dama ya ƙone. Ni na ba shi magani ma. Irin tamu ta, ƙunar sanyi, wurin ya yi hwari. Nac ce mai Alhaji, ka taɓa ruwan ga ba safa. Yac ce gaggawa ta sa."

"Shi ya zuba, ko kai?"

"Ya hana ni taɓawa. Shi yaz zuba da hagu, sannu sannu, kamar mai ba jinjiri nono. Ya gama yat tsaya yana kallon tulun, har nac ce ko lahiya."

Gidan mahaifiyar Ja'afar ba shi da wuyar samu, kowa a unguwar ya san gidan Hajiya Sauda, uwar Dakta. Tsohuwa ce mai ƙiba, suka same ta a tsakar gida tana tsince albasa a kan tabarma. Da ta ga kaki, hannunta ya tsaya.

"Inna, kada ki tsorata," in ji Saje Risikat, ta durƙusa ta gaishe ta. "Tambaya ɗai muka zo yi. Ja'afaru ya zo nan ran Juma'a?"

"Ya zo, bayan an sauko masallaci. La'asar ta kusa."

"Ba da safe ba?"

"Da sahe ina? Ni da nag ga rana ta yi, har na hidda rai."

"Butar shayinki ta ƙona shi?"

"Wace buta? Da hannu nai a naɗe yaz zo."

Sufeto ya rage murya. "Hajiya, ya ba ki ajiya?"

Tsohuwar ta dubi wani ɗaki a kusurwa, ta sauke ido.

"Yac ce kayan aiki na, kar in bari yara su taɓa, kar rana ta same shi. Ran Assabar da sahe ya dawo yaf fita da shi, yam maido. Mi yaf faru? Wani abu yay yi?"

A ɗakin ajiyar albasa suka sami tulun, bayan buhuna. An ɗora shi a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, an lulluɓe shi da sabon bargo. Sufeto ya ɗaga bargon. Wani ɗan farin hayaƙi yana fita a hankali ta gefen murfin.

Ya fito tsakar gida ya kira Dakta Hanifa.

"Mun samu wani abu a Argungu, muna so ki zo ki duba. Ki ce maigida ya kawo ki, hankalinki ba a kwance yake ba balle ki yi tuƙi."

"Argungu, wane wuri?"

"Ku taho kawai. Shi ya san wurin."

Rana ta yi sanyi lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gida. Hanifa ce ta fara shigowa. Fuskarta ta nuna cewa tun a hanya ta fara ganewa, tun da ta ga ya karya kan mota zuwa unguwarsu ba tare da ya tambayi kowa ba. Ja'afar yana bayanta, maɓallin mota a hannu.

An fito da tulun an ajiye a inuwar zaure. Ta tsaya a kansa, ba ta taɓa ba.

"Naki ne, Dakta?"

"Nawa ne."

Sufeto ya juya. "Dakta Ja'afar, ka ce tun safe kana nan, Hajiya ta ce sai bayan masallaci. Ka ce buta ce ta ƙona ka, mai shanu ya ce ƙunar sanyi ce, shi ya ba ka magani. Rigar baƙi an naɗe ta yadda Farfesa ya koya maka. Da na ce tulun ba zai wuce gobe ba, matarka ta kusa faɗuwa, kai ko ido ba ka ƙifta ba, don ka san ka cika shi. In kira Malam Munzali ya dube ka?"

"Ba sai ka kira shi ba."

Ja'afar ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya dubi bandejin hannunsa.

"Ni ne. Na ɗauki maɓallin a jakarta bayan ta tafi kitso. Na jira Farfesa ya fita, maigadi ya tafi masallaci. Da na dawo da dare na mayar mata."

"Innalillahi," in ji Hajiya Sauda. "Ja'afaru, kayan matarka?"

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

"Ni na koya mata riƙon hantsaki, Sufeto. Ranar da ta fara shiga ɗakin can, hannunta rawa yake yi, ni na riƙe shi. Lokacin ana ce mata matar Dakta. Shekara tara ina kan abin nan, nawa ko sau ɗaya bai yi ba. Ita ta zo ta yi abin da na ce mata kuskure ne, ya yi."

Ya ja numfashi.

"Na ce ba komai, ai gida ɗaya ne. Na yi ta faɗa wa kaina haka. Sai ranar sunan ɗan ƙanena, a nan unguwar, a gaban ƙofar can. Wani abokin babana ya kama hannuna yana nuna ni ga baƙi, ya ce ga mijin Dakta Hanifa. A garinmu, inda aka haife ni. Sati bai zagayo ba 'yarmu Humaira ta dawo daga makaranta, an ce kowa ya faɗi aikin iyayensa. Ta ce mamanta masaniyar kimiyya ce, babanta kuma yana taya ta."

Hanifa ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Me ka yi niyyar yi da shi?"

"Kogi. Na kai shi har Matan Fada, na fito da shi daga mota, na tsaya a bakin ruwa. Wani masunci ma ya tambaye ni ko in ya taimaka mini." Ya girgiza kai. "Na kasa. Na san abin da ke ciki. Babu wanda ya taɓa yin mai kyansa a ƙasar nan, na gan shi a madubin injin da idona. Sai na ce bari in ɓoye shi har jirgin ya tashi, mutanen Jamus su gaji su nemi wani. Wataƙila kafin nan nawa ya yi. Daga nan in san yadda zan mayar."

"Kuma ka ce mu matsa wa Farfesa."

Ja'afar ya mayar da ido kan bandejinsa.

Hanifa ta juyo wurin Sufeto, muryarta ƙasa ƙasa. "Yallaɓai, tunda an samu, ba za a iya barin maganar a nan ba? Ni na kira ku. Na janye."

"Kayan cibiya ne, Dakta, ba naki ke kaɗai ba. An riga an buɗe fayil. Sai ya je ya ba da bayani a ofis, abin da ya biyo baya kuma tsakanin cibiya ne da DPO."

Saje Risikat ta ciro ankwa. Sufeto ya dubi hannun mai bandeji, ya dubi tsohuwar da ke kuka a kan tabarma, ya girgiza mata kai. Ta mayar.

Ja'afar ya miƙe. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ta kau da fuska. Ya ajiye maɓallin mota a kan turmin. Har ya kai bakin zaure tsakanin 'yan sandan biyu, sai ya tsaya.

"Hanifa."

Ta ɗago.

"Abu ɗaya nake so ki gaya mini, tsakaninki da Allah. Da ban koya miki ba, da za ki iya?"

Ta dube shi. Hawaye na bin ƙasan tabaranta, ba ta share ba.

"Da zan iya, Abban Humaira," ta ce. "Amma da a gida ka tambaye ni, da na ce maka a'a, kamar yadda na saba."

Saje Risikat ta taɓa gwiwar hannunsa, ya sunkuyar da kai ya bi ta. Yaran unguwa sun taru a jikin motar 'yan sanda, suka dare suka ba shi hanya.